Ɗan sanda abokin kowa: wai ya cancanci mu ce masa an gode?

Tunda Shugaba Tinubu ya ware ranar 7 ga Afrilu ta zama ranar 'yan sanda ta ƙasa, ya sanar a 2024 aka fara bikin a 2025, wannan musun yake tashi a majalisarmu ta ƙofar gida, kuma duk sanda ya tashi sai an watse rai a ɓace. Akwai wani dattijo direba, shekara ashirin da ɗoriya yana hanyar Kano zuwa Legas, shi da zarar an ce a gode wa ɗan sanda sai ya dire kofin shayinsa ya ce a gode masa da me, da 'yan ɗari bibbiyun da yake karɓe min tun daga Kwanar Dangora har Ibadan? Akwai kuma wani matashi tela da yayansa uwa ɗaya uba ɗaya ɗan mobal ne, an tura shi Zamfara, wata huɗu matarsa ba ta sa shi a ido ba, shi kuma in ya ji ana yi wa 'yan sanda kuɗin goro ana zaginsu sai idonsa ya kaɗa, ya tashi ya bar wajen. Na daɗe ina sauraronsu, kuma abin da yake sa maganar take min nauyi shi ne wallahi babu maƙaryaci a cikinsu.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Bara waccan aka yi wa ƙanwata ƙwacen waya tana cikin adaidaita sahu da magariba, yara biyu da wuƙa, Allah ya kiyaye ba su yanke ta ba. A daren na raka ta caji ofis ɗin da ke kusa. Muka zauna a benci gaban kanta kusan awa biyu, a jikin bango an rubuta da manyan baƙi cewa beli kyauta ne, a ƙasan rubutun kuwa wata tsohuwa ce durƙushe tana kwance bakin zaninta tana ƙirga canji za ta fitar da jikanta daga sel. Da aka zo kanmu sai kofur ɗin ya ce mu kawo kuɗin takarda da fayil, na bayar, ya ce in ana so a je inda abin ya faru sai an zuba mai a mota, na bayar, sannan ya ce akwai masu bin sawun waya da na'ura amma su ma sai an sallame su, kuɗin da ya faɗa ya kusa rabin kuɗin wayar. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma kuma ina tsaye ina kallon bawan Allahn nan, babu wuta a ofis ɗin, janareto babu mai, wayarsa ya maƙale a baki yana haska takardar da fitilarta yana rubuta bayanin ƙanwata, takalminsa na hagu ya buɗe an ɗinke shi da zaren roba, a tsakar gida ga motar sintiri an ɗora ta kan bulo babu taya ko ɗaya. Da ya ga fuskata sai ya ce, Malam kayi haƙuri, wallahi ko biron nan ni na saya. Kuma na yarda da shi. Na fito ina jin haushinsa ina jin tausayinsa, har yau ban iya raba biyun ba. Wayar dai shikenan.

To ba ni kaɗai bane. A binciken da ƙungiyar jin ra'ayin jama'a ta Afrobarometer ta yi a 2022, kashi 73 cikin 100 na 'yan Najeriya sun ce yawancin 'yan sanda ko dukkansu masu cin hanci ne, kashi 15 kacal suka ce suna da amanna da su. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka sun gano a 2016 cewa kashi 46 cikin 100 na waɗanda hulɗa ta haɗa su da ɗan sanda sai da suka ba da na goro, a 2019 abin ya sauka zuwa kashi 33, wato duk da sauƙin da aka samu mutum ɗaya cikin uku ne. A 2016 ɗin ne kuma wani ma'aunin ingancin 'yan sanda na duniya ya jera ƙasashe 127, Najeriya ta zo ta ƙarshe. Saboda haka in ka ji talaka ya ce ba zai gode ba, kada ka ce butulu ne, ruwa ba ya tsami banza, abin da ya gani yake faɗa.

Kuma abin ya daɗe, ya girmi kakannin wasunmu. Sunan ma kansa ka duba shi, ɗan sanda, wato tun farko da sandar aka san shi. Turawan mulkin mallaka da suka kafa 'yan sandan farko a Legas wajejen 1860 da 'yan kai ba don su tsare mai tallan ƙosai suka kafa su ba, don su tsare gwamna da kasuwancin Turawa ne, kuma da gangan Glover, Baturen da ke mulkin Legas, ya ɗebi Hausawa ya ba su bindiga su yi gadin garin da ba nasu ba, saboda baƙo ba ya jin kunyar dukan ɗan gari. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu ta zama ɗaya. Mu kuma a nan Arewa ga dogarai ga 'yan dokan En'e, duk wanda ya zauna da tsofaffin 'yan NEPU ya sha labarin yadda ɗan doka yake ɗaure mutum don ya je taron Malam Aminu Kano, da irin ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha. Sai zamanin Gowon aka rushe 'yan dokan aka zuba su cikin 'yan sandan tarayya, daga nan kuma soja suka yi shekara da shekaru suna mulki, kuma soja ba ya son ganin wata runduna mai bindiga ta yi ƙarfi a gefensa. Kenan tun asali ɗan sanda na mai mulki ne, mu ana turo mana shi ne. Wannan tunanin har yau yana nan a zuciyar mutane, shi ya sa uwa take tsorata ɗanta da cewa za ta kira masa ɗan sanda, shi ya sa in an ga motarsu ta shigo layi masu gaskiya ma sai su shige gida.

Yanzu bari mu bi kuɗin nan da direba yake kuka a kai, don nan ne gizo yake saƙar. Mutane da yawa sun ɗauka kurtun da ke tsaye a shinge da bindiga a kafaɗa duk abin da ya tara nasa ne. A watan Agusta 2010 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ta yi hira da 'yan sanda da kansu, suka bayyana yadda ake sayen wajen aiki mai maiƙo, da yadda na ƙasa yake kai kaso ga na sama, wanda bai kai ba a ɗauke shi a jefa shi inda babu ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi kurtun shi ke shan rana, shi ke shan tsinuwar fasinja, shi ake ɗauka a bidiyo a yaɗa a TikTok, a kore shi daga aiki a nuna mana hotonsa ana cire masa kaki, amma wanda ya tura shi yana ofis cikin sanyin iyakwandishan. Kuma ba zato bane, Sufeto Janar guda, Tafa Balogun, kotu ta ɗaure shi a Nuwamba 2005 kan maƙudan kuɗi lokacin Nuhu Ribadu yana EFCC, wata shida aka ba shi. Kuɗin fanshon 'yan sanda kuwa, wani jami'in ofishin fanshon mai suna John Yakubu Yusuf ya amsa laifinsa a shari'ar biliyoyin naira, a Janairu 2013 aka ce ya yi shekara biyu ko ya biya tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida, sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin shekara shida da biyan naira biliyan 22.9. Ka tsaya ka yi tunanin sajan ɗin da ya ji wannan labari a rediyo yana tsaye a titi. Me ka koya masa? Ka koya masa cewa tsufansa babu mai tanadar masa, ya nema tun yanzu.

Ba wai ina wanke shi bane, a'a, talauci ba lasisin zalunci bane, malamin firamare ma albashinsa bai isa ba amma ba ya tare ɗalibi da bindiga ya ce ya zazzage aljihu. Abin da nake so a gane shi ne tsarin da kansa an gina shi ne a kan mai ƙara ya ɗauki nauyin bincike. Caji ofis yana buƙatar mai, takarda, abincin waɗanda ke tsare, gyaran mota, kuɗin kai mai laifi kotu, kuma abin da ke isowa hannun DPO, wato shugaban caji ofis, in ma ya iso ba ya kai ko'ina, musamman tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. To daga ina kuɗin zai fito? Daga aljihun wanda aka yi wa sata, da aljihun wanda aka kama. Da zarar haka ta faru kuwa adalci ya koma na mai kuɗi, wanda ya fi ka abin hannu shi zai fi ka gaskiya a bayan kanta. A Janairu 2013 tashar talabijin ta Channels ta nuna kwalejin horar da 'yan sanda ta Ikeja, ɗakunan kwana rufi ya zube, banɗaki abin ƙyama, ɗalibai da yawa suna rabon kan kifi ɗaya, har sai da Shugaba Jonathan ya je da kansa ya gani. Mutumin da aka horar a wulaƙance, aka ajiye iyalinsa a barikin da kwata ke bi ta ƙofar ɗaki, sannan aka miƙa masa AK47 aka ce je ka mutunta jama'a, ai abin da aka zuba masa shi zai zubo.

Ga kuma ƙaranci. Adadin da ake yawan faɗa shi ne 'yan sanda kusan 370,000 ga mutane sama da miliyan 200, kuma a 2023 Sufeto Janar Egbetokun ya ce ana buƙatar ƙarin 190,000. Cikin waɗanda ake da su ɗin ma, Mike Okiro lokacin yana shugaban hukumar kula da aikin 'yan sanda ya ce a 2018 sama da 150,000 suna gadin manyan mutane ne. Kowa ya gansu, ɗan mobal riƙe da jakar Hajiya a wajen biki, wani riƙe da lema, wani yana buɗe wa ɗan Alhaji ƙofar mota, alhali akwai ƙaramar hukuma sukutum a Zamfara ko Katsina ko Sakkwato da in 'yan bindiga suka shigo kan babura, waɗanda ke caji ofis ɗin ba su kai su tare hanya ɗaya ba. An sha ba da umarnin a janye su, kusan kowane sabon Sufeto Janar da shi yake farawa, a Nuwamba 2025 Tinubu ma ya sake bayarwa da kansa. Mutumin ƙauye da bai taɓa ganin ɗan sanda ba sai ranar zaɓe ko ranar da aka zo kama ɗansa, in ka ce ya gode, sai ya tambaye ka wa zai gode wa.

Amma fa a nan nake rabuwa da dattijo direba, domin akwai jini a maganar. Duk ɗan Kano da ya yi wayo ba zai manta Juma'ar 20 ga Janairu 2012 ba, ranar da 'yan Boko Haram suka kawo hari, bayan la'asar gari ya ɗauki ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, ofishin shiyya ta ɗaya, hedkwatar Bompai, caji ofis na Farm Centre, mutum 185 rundunar ta ce sun mutu, 29 daga ciki 'yan sanda. Kafin nan ranar 16 ga Yuni 2011 an kai bom har hedkwatarsu ta Abuja. A shekarun nan ɗan sanda a Kano da Maiduguri da Damaturu da Potiskum sai ya sa kakinsa a leda ya fito da kayan gida, don ana bin su har ƙofar gida ana harbewa, wasu maƙwabta ma suka riƙa gudun zama kusa da su. A Mayu 2013 a Alakyo ta jihar Nasarawa, 'yan ƙungiyar tsageru ta Ombatse suka yi musu kwanton ɓauna, sama da 'yan sanda 60 suka tafi a dare ɗaya. A Agusta 2019 sojoji suka harbe 'yan sanda uku a Taraba suna ɗauke da Wadume da suka kamo bisa zargin garkuwa da mutane. Waɗannan mutane 'ya'yan wasu ne, yawancinsu 'ya'yan talakawa ne da suka shiga aikin don babu wani. Akwai wata baiwar Allah a layinmu, mijinta sufeto ne, an kashe shi a hanyar Birnin Gwari suna rakiya, ba a jima da sadakar arba'in ba aka fara yi mata maganar ta tashi daga ɗakin bariki, ta dawo gidan mahaifinta da yara biyar, yanzu awara take soyawa da yamma a ƙofar gida. Duk sanda na wuce na ga babban ɗanta yana hura mata wuta da kwali, sai in ji bakina ya kasa furta cewa duk 'yan sanda ɗaya ne.

Sai dai in za a ƙirga jini a ƙirga duka. Matasa shida na Apo da 'yan sanda suka kashe a Abuja a Yuni 2005 aka ce 'yan fashi ne, sai a 2017 kotu ta yanke wa biyu hukuncin kisa. Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, da soja suka miƙa shi da ransa a Yuli 2009 ya mutu a hannun 'yan sanda ba tare da ya ga alƙali ba, ko me mutum yake tunani a kansa kowa ya ga irin wutar da ta biyo baya, kuma 'yan sandan ne ta fara ci. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta 2024 Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a Kano, Jigawa, Katsina, Kaduna, Neja da Borno, rundunar ta musanta, amma mun ga jana'izar a unguwanninmu, sannan ranar 1 ga Nuwamba muka ga yara ƙanana da aka tsare wata uku suna zubewa a kotun tarayya ta Abuja don yunwa. Uwar da ta ga wannan, ba ni da fuskar da zan je in ce mata ta yi murnar ranar 'yan sanda. Kuma maganar wake ɗaya shi ke ɓata gari ba ta wadatar a nan, domin in waken ya yi laifi aka ɓoye shi, aka canja masa wajen aiki, aka ƙara masa girma, to ba wake ɗaya bane kuma.

Lokacin EndSARS, wato zanga-zangar neman a rushe SARS, sashen 'yan sanda na yaƙi da fashi, a Oktoba 2020 ne wannan rabuwar zuciya ta fito fili. Matasan Kudu sun fito ne saboda SARS na tare su, a bincike waya, a ga iPhone ko kwamfuta ko kitso a ce ɗan damfara ne, a ja shi zuwa ATM, wasu a kashe. Ranar 11 ga wata Sufeto Janar Mohammed Adamu ya sanar da rushe SARS, ranar 20 aka yi harbi kan masu zanga-zanga a Lekki ta Legas, bayan nan gari ya rikice, rundunar ta ce an kashe mata mutum 22 an lalata ofisoshi 205. A Arewa kuwa gwamnoni ƙarƙashin Simon Lalong suka ce su SARS tana musu amfani, matasa da yawa kuma suka ce mu matsalarmu ba a ga ɗan sandan ba ma balle ya zalunce mu, aka koma kiran a kawo ƙarshen kashe-kashe. An yi ta zagin juna a kan haka, wasu na cewa 'yan Arewa bayi ne, wasu na cewa 'yan Kudu juyin mulki suke so. Ni a ganina ciwo ɗaya ne ya fito ta wuri biyu, inda akwai kuɗi ɗan sanda ya yi yawa har ya zama bala'i, inda babu kuɗi ya ɓace. Kuma kada mu yaudari kanmu cewa a Arewa SARS ba ta azabtar da kowa ba, ta yi, kawai dai ɗan ƙauyen da aka rataye ba shi da Twitter.

Abin da ya tabbatar min cewa mutanenmu ba ƙin ɗan sanda suke ba shi ne CP Muhammad Wakili. Mutumin nan wata huɗu kacal ya yi yana kwamishina a Kano a 2019, amma har yara suka haddace maza ƙwaya mata ƙwaya, aka laƙaba masa Singham, aka buga hotonsa a bayan adaidaita sahu, musamman bayan daren da aka kama mataimakin gwamna mai ci a wajen tattara sakamakon ƙaramar hukumar Nasarawa. Me ya yi? Aikinsa kawai ya yi a gaban mutanen da suka manta yadda hakan yake. Ƙishirwa ce da mu, ɗan ruwa kaɗan muka gani muka rufa a kai. Sai dai ƙishirwar nan tana da hatsari, don ita ce ta sa muka ɗaga DCP Abba Kyari sama bayan kama Evans mai garkuwa da mutane a 2017, majalisar wakilai ta karrama shi a 2020 ana tafi a tsaye, sai a Yuli 2021 sunansa ya fito a takardun kotun Amurka a shari'ar ɗan damfarar intanet Hushpuppi, a Fabrairu 2022 kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta tuhume shi kan hodar ibilis. Ya musanta, magana ta tafi kotu, ni ba alƙali bane. Amma na lura tun yana kan ganiyarsa akwai masu kuka da rundunarsa, ba mu saurare su ba saboda namu ne kuma jarumi ne. Shi kuwa SP Daniel Amah, DPO a Kano da ya ƙi karɓar dala 200,000 a 2022 don ya kashe wani kes na fashi, har Buhari ya karrama shi a Oktoban shekarar, mutum nawa ne a majalisarku suka san sunansa? Ba ya fitowa a bidiyo da bindiga, ba shi da kirari, shi ya sa.

Sannan mu ma mu taɓa kanmu, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Wa yake kai ɗan sanda ya kamo masa wanda yake bi bashi, alhali dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya? Wa yake biya a kulle maƙwabcinsa ranar Juma'a da yamma don ya kwana uku a sel, alhali tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin awa 24 in akwai kotu a kusa? Wa yake miƙa ɗari biyun tun ba a tambaye shi ba saboda takardun motarsa sun ƙare tun bara? In an kama ɗan daba da wuƙa da wayoyi biyar, kafin gari ya waye an kira kansila, an kira ɗan majalisa, an kira mai unguwa, a sake shi yaron kirki ne, jibi ya dawo layi yana nuna wa wanda ya tona shi yatsa. Kuma a wajen ɗaukar aiki muna neman alfarma a cusa yaron da ya gagari gida, wai ko kaki zai shiryar da shi. Da muka gaji muka koma ga 'yan sa-kai da 'yan banga, a wasu wuraren sun taimaka ba ƙarya, a wasu wuraren kuma an yi gudun gara an faɗa gidan zago, don mutanen Zamfara sun san rawar da kisan gilla a kasuwanni ya taka wajen hura wutar da har yau take ci. Masu kiran a yi 'yan sandan jihohi suna da hujja, ɗan gari ya fi sanin lungu, amma su tuna da 'yan doka, su dubi gwamnonin da za a miƙa wa.

To ni matsayata ita ce, godiya ga kaki haka kawai ba zan yi ba, kuma ba zan matsa wa kowa ya yi ba, don yaba kyauta tukwici ne, sai an ga kyautar. Amma mutum ɗaya-ɗaya da ya yi abin kirki, wannan haƙƙinsa ne a kanmu, kuma muna tauye shi. Mai ba da hannu da ke tsaye tsakiyar titi cikin zafin azumi, DPO da ya sasanta rigima bai karɓi ko sisi ba, 'yar sandan da ta zauna da yarinyar da aka yi wa fyaɗe har aka kai asibiti ta ƙi yarda a rufe maganar, a faɗi sunansu a masallaci da rediyo, a rubuta wa kwamishina, domin a cikin rundunar nan mai gaskiya shi ne maraya, abokan aikinsa suna ganin yana toshe musu hanya, oga yana ganin ba ya kawo komai, in mu ma muka haɗa shi da sauran muka zaga to mun gaya masa gaskiyarsa ba ta da amfani. Bakin da ya yaba ɗin kuma shi ne zai kai ƙarar azzalumi, akwai sashen karɓar koke da aka buɗe tun 2015 zamanin Solomon Arase, akwai dokar hana azabtarwa ta 2017, akwai dokar da ta ce majistare ya riƙa leƙa sel-sel duk wata, kuma an hana kama uwa ko mata a madadin wanda ake nema. Da yawanmu ba mu ma san da su ba.

Gwamnati kuwa ita ba ta da bakin cewa mu gode, ita ce ake bi bashi. An yi ƙarin albashi na kashi 20 cikin 100 da ya fara a Janairu 2022, tsadar kaya ta lashe shi tun kafin a ji ɗuminsa. A Fabrairu 2002 sai da ƙananan 'yan sanda suka yi yajin aiki, abin da ba a taɓa gani ba, kan haƙƙoƙinsu. Shekara 23 bayan nan, ranar 21 ga Yuli 2025, tsofaffin 'yan sanda masu furfura suka tsaya cikin ruwan sama a ƙofar majalisa da hedkwatar rundunar a Abuja suna roƙon a fitar da su daga tsarin fanshon karo-karo kamar yadda aka fitar da soja da DSS, mutanen da suka yi shekara 35 suna aiki, kuma waɗanda aka turo su tsare ƙofar ranar yaransu ne a aiki, suna kallon abin da ke jiransu. Matar sufeton layinmu ma takardun haƙƙin mijinta suna can, ta je hedkwata ta dawo ya fi sau goma, kullum a ce fayil ɗin yana Abuja. Jiya da na tsaya sayen awara take gaya min babban ɗan nata ya ce in ya gama sakandare aikin ɗan sanda zai nema, ta ce masa in dai ita ta haife shi bai isa ba.